Yaƙi da funfuna: an manta da rigar ƙwayar iri

Duk mai bin labaran lafiya ya san cewa a 2022 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a riƙa fesa ipflufenoquin, wani maganin kashe funfuna, a gonaki. Abin da ya ba ni haushi shi ne, wannan magani yana kai hari ne kan sinadari ɗaya da olorofim, maganin da likitoci ke jira domin masu fama da funfunar Aspergillus a huhu. Wato tun kafin olorofim ya isa asibiti an fara koya wa funfuna jure masa. Haka aka yi da magungunan azole, masu kashe funfuna a gona da asibiti, a Holand, har likitoci suka riƙa ganin majiyyatan da ba su taɓa shan maganin ba amma ya ƙi yi musu aiki.

Har yanzu tunanin masu ba da kuɗin bincike bai wuce kashewa ba. Su kashe, funfuna ta jure, su nemo wani dafin. Ba sa tsayawa su tambayi yadda ƙwayar iri, wato ƙurar da funfuna ke yaɗuwa da ita, ke fara kama jiki.

Ƙwayar Aspergillus fumigatus ba ta wuce maikuromita 2 zuwa 3 ba (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), kuma kowa na shaƙar ɗaruruwanta kullum. Tana sanye da wani furotin mai suna RodA wanda ruwa ba ya jiƙa shi. A 2009 masana a cibiyar Pasteur ta Faransa suka nuna cewa wannan rigar ce ke ɓoye ta daga garkuwar jiki. Da aka cire ta, nan take garkuwar ta farga. A shinkafa ma haka ne. Ƙwayar Magnaporthe, funfunar da ke kama shinkafa, tana fitar da wani yauƙi daga bakinta ta manne da ganye, furotin MPG1 ya taimaka mata ta zauna daram, sannan ta gina wani ƙululu mai matsin da ya kai megafaskal 8, wato kusan ninki 80 na matsin iskar da ke kewaye da mu, ta huda ganyen. Idan ba ta manne ba, raɓa kaɗai ta isa ta wanke ta.

Candida auris ma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin huɗu mafi haɗari a jerin funfuna 19 na 2022, ƙarfinta yana wajen maƙale wa fata da robar ƙarin ruwa. A 2023 aka gano furotin Scf1 da ke ba ta wannan naci.

Masu cewa furotin ɗin mannewa sun yi yawa, ka toshe ɗaya wani ya maye gurbinsa, sai su faɗa mana dafi nawa suka canza cikin shekara 30.

A karkatar da wani kaso na kuɗin bincike zuwa hana mannewa da yaye wa ƙwayar rigarta. Sannan a hana rajistar duk maganin feshin da ya yi tarayya da na asibiti har sai likitoci sun sa hannu.