Me ya sa laburare ne ake fara yanke wa kaso?

Idan majalisar ƙaramar hukuma ta zauna rabon kasafin kuɗi, kowane fanni yana da mai tsaya masa. Ɗan kwangilar titi na da kansilan da zai yi masa magana, ma'aikata na da ƙungiyarsu, 'yan kasuwa na da shugabanninsu. To wa ke tsaya wa laburare? Masu zuwa wurin su ne ɗalibin da ba shi da inda zai yi karatu cikin natsuwa a gida, da mai neman aiki da ke cike takarda a kwamfutar laburare, da dattijon da ke zuwa duba jarida. Yawancinsu ba su san ranar zaman kasafin ba, wasu ma ba su kai shekarun zaɓe ba. Shi ya sa da zarar asusu ya yi ƙasa, a kansu wuƙa ke fara sauka.

Ɗan siyasa na son gini, domin ana bikin buɗewa, a ɗauki hoto, a kafa allo da sunansa. Albashin ma'aikaci, kuɗin wuta, sababbin littattafai da gyaran rufin da ke yoyo kuwa ba wanda ke yi musu biki. Andrew Carnegie, attajirin ƙarafa na Amurka, ya san wannan hali tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500, amma da sharaɗi: gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da shi. Garin da ya ƙi, sai ya haƙura.

Doka ma ba ta wadatarwa idan ba ta ambaci adadi ba. A Ingila, dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi kula da laburare, amma ba ta faɗi nawa za su kashe ba. Da aka shiga tsuke bakin aljihu daga 2010, an rufe kusan 800 a Birtaniya kafin shekara goma ta cika. A 2018 majalisar gundumar Northamptonshire da ke Ingila, wadda asusunta ya ƙare, ta yanke shawarar janye hannu daga 21 cikin laburare 36, sai da kotu ta ce shawarar ta saɓa doka.

Abin da ya faru a New York ya fi nuna inda gizo ke saƙa. A Nuwamban 2023 magajin gari Eric Adams ya rage kasafi, laburare suka daina buɗewa ranar Lahadi, ranar da ma'aikaci ke samun sukunin kai yaransa. Jama'a suka yi caa, kansiloli suka ɗauki maganar, a Yunin 2024 aka mayar da dala miliyan 58. Cikin wata bakwai ba wata taska aka tono ba. Masu mulki ne suka ga rufewar za ta ci musu ƙuri'a.

Wani zai ce asibiti da ruwan sha sun fi gaggawa, kuma zaɓaɓɓu ne ke da haƙƙin rabon kuɗi. Haka ne, ba na jayayya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar abin da aka gina don amfanin shekara hamsin yana jiran ra'ayin wanda zai yi shekara huɗu a kujera. Ma'aikacin da bai san ko za a biya shi baɗi ba, ba zai iya tsara komai ba, kuma zai ji tsoron ajiye littafin da kansila ba ya so. A ware wa laburare ƙayyadadden kaso a doka, na shekaru da dama a jere, a wallafa abin da aka kashe kowa ya gani. Duk majalisar da ke son rage shi kuma, ta kira taron jama'a, kowane kansila ya ɗaga hannu a gaban waɗanda za a rufe wa ƙofa.