Yaronka ya zo na ɗaya, kai kuma kana neman yadda za ka rage masa tsawo

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito a nan Makka, daga Hindawiyya har Rusaifa sai ka ga WhatsApp ya cika da hotunan shahada, wato takardar sakamako: wannan ta ci mumtaz, wancan ya sauke, ɗan wane ya samu 97 a Kudurat, jarrabawar neman shiga jami'a. Ma sha Allah, ni ban ga laifin wannan ba. Bayan kwana biyu kuma a majalisa sai ka ji uban yana cewa, "Yaron nan fa kansa ya fara kumbura, dole in sauke shi." Nan ne muke raba hanya da shi.

Maganin da muka gada daga gida shi ne kushe. Yaro ya kawo 98, uba ya kalli takarda ya ce, "Ina sauran biyun?" Uwa kuwa, ko don kunyar ɗan fari ko don tsoron kambun baka, sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Muna zaton tarbiyya muke yi. Abin da na ga yana fitowa daga irin wannan gida iri biyu ne: yaron da ya koyi ɓoye abin da ya iya har ya daina ɗaga hannu a aji, da wanda ya fita waje yana farautar yabon da aka hana shi a ɗaki. Na biyun nan shi ne yake zama mai cika bakin da ake gudu tun farko.

A hadisin Ibn Mas'ud da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya fassara girman kai da abu biyu: ƙin gaskiya da raina mutane. Sanin cewa ka iya lissafi ba ya cikinsu. Ku tuna kuma ranar da aka tambayi Sahabbai wace bishiya ce take kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar, wanda babu mai zarginsa da shagwaɓa yara, cewa ya yi da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Shi ne kuma yake zaunar da Ibn Abbas cikin dattawan Badar yana tambayarsa tafsiri a gabansu. Mu da muka fi su tsoron kumburin kai, daga ina muka samo namu?

Amma kada a ce ina musun cutar. Akwai ta, kuma a cikinmu mazauna ƙasar nan tana da kama ta musamman. Wani maƙwabcinmu yana da ɗa ɗan shekara 12 da ya haddace Alƙur'ani a halka, wato zaman hadda na masallaci, murya kamar me. Kakansa ya ja su sallar magariba a gida, ana sallamewa yaron ya juya ya ce, "Alhaji, tun daga Fatiha kake kuskure. Maaliki ake cewa, da ja." Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kowa ya sani, sai dai wannan babu wasa a fuskarsa. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "To, malam, Allah ya ƙara sani." Uban har ya ɗaga hannu zai kai mari, sai tsohon ya riƙe shi.

Mari me zai koya masa? Zai koyi cewa babba ba a gyara masa ko da ya yi kuskure, wannan kuwa ƙarya ce, a salla ma ana yi wa liman gyara. Matsalar yaron ita ce bai san akwai wani karatu bayan nasa ba. Makarantun Saudiyya da ruwayar Hafs daga Asim suke karantarwa, kakan kuwa a tsangaya ya tashi da ruwayar Warsh daga Nafi'u, irin ta yawancin Afirka ta Yamma, wadda a cikinta Maliki ake cewa, babu ja. Nafi'u nan shi ne limamin ƙira'a na Madina, ya rasu a shekarar 169 bayan Hijira, Imam Malik ma a wurinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Asim kuwa mutumin Kufa ne. Wato tsohon da ake wa kallon baƙauye karatun Madina yake yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, inji Hausawa, kuma ba a kwance shi sai da ƙarin sani. Uban ya kai shi wurin wani malami mai ijaza a ƙira'o'i a Harami. Yanzu idan ya ji abin da bai saba ji ba, tambaya yake fara yi: "Wannan wace ruwaya ce?"

Shi ya sa nake cewa yaron da ya fi kowa a ajinsa, aji ya yi masa kaɗan, a nema masa wurin da zai zama na tsakiya. Musabaƙar Sarki Abdul'aziz ta haddar Alƙur'ani tun 1979 ake yin ta, galibi a nan garin, mahaddata daga ƙasashe da dama suke zuwa. Ka kai shi ya zauna ya ji sa'ansa daga wata ƙasa, wanda ko Larabcin kasuwa bai iya ba, ana jefa masa aya daga ko'ina yana ɗauka. Ba sai ka ce masa komai ba a hanyar dawowa. Mai lissafi da kimiyya, in akwai hali, a gwada masa shirye-shiryen Mauhiba, cibiyar Saudiyya mai kula da yara masu hazaƙa. Gaba da gabanta.

Sai maganar da ba ma son taɓawa. Da yawa cikin 'ya'yanmu su ne tafintocinmu a asibiti da wurin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Yaro ɗan shekara goma yana ganin ana ɗaga wa babansa murya don Larabcinsa ya karye, shi kuma yana buɗe baki a saurare shi. In ba a yi hattara ba, daga nan raini yake tsira, ya fara jin kunyar Hausa, ya fara jin kunyar sana'ar da ke ciyar da shi. Mu kuma muna taya shi, muna cewa, "Kai dai yi karatu don kada ka zama irina." Haba! Ka gaya masa nawa ne kuɗin littafin da ke hannunsa, da yawan tsinken tsiren da aka gasa kafin a same su. Ranar hutu ya tsaya tare da kai a wurin sana'a, ba a matsayin horo ba, a matsayin ɗan gida. A ba shi ƙannensa ya yi musu bita, ya ɗanɗani wahalar fahimtar da wanda bai gane ba, amma kada ka kuskura ka ce wa ƙanen, "Dubi yayanka." Da bakinka kake gina masa karagar da gobe za ka ce ya sauka.

'Ya'ya mata kuma a yi musu adalci. Namiji ya amsa tambaya da ƙarfin gwiwa mu ce jarumi, ƙanwarsa ta yi haka mu ce ta cika rawar kai, wa zai aure ta. Na san yarinyar da ta fi yayyenta maza duka a makaranta, amma ita kaɗai ake yi wa wa'azin tawali'u a gidan, su kuwa ko kwanon da suka ci abinci ba sa ɗaukewa.