Koci, wallahi na kama ta

Ni fa ba wanda ya aike ni. Yaran layinmu a Unguwar Rogo ne suka liƙa mini sunan koci, don kawai ina da usur da tsohuwar rigar Plateau United ta 2017, shekarar da suka ɗauki kofin lig. Tunda an ba ni sarauta, sai na ce bari in nuna musu ƙwallo ba a ƙafa kaɗai take ba, rabinta a ka take.

Sati biyu muna abu ɗaya bayan sallar asuba, cikin sanyin Jos mai sa haƙora kaɗawa. Kafin fenareti, ja numfashi ta hanci, ƙirga huɗu, sake shi a hankali, zuciya za ta lafa. Zaɓi kusurwarka tun kafin ka ajiye ƙwallo, kada ka sauya shawara kana cikin gudu. Sai babban sirrin: rufe ido ka hango abin da kake so ya faru, tamkar ya riga ya faru. Har da tunatar da su cewa Ahmed Musa ɗan garin nan ne, ya je gasar kofin duniya a Rasha a 2018 ya zura wa ƙasar Aisilan ƙwallo biyu. Da zuciya na rawa zai iya?

Lokacin buɗe idon ne kawai na manta ban faɗa ba.

Ranar wasanmu da yaran Gangare, ɗaya da ɗaya, saura minti biyu, rafali ya ba su fenareti. Na ɗaga murya: "Gola, tuna karatunmu!"

Yaro mai ladabi, Allah ya yi masa albarka. Ya tsaya tsakiyar raga, ya ja numfashi, ya runtse ido gam, har da ɗaga haɓa sama. Ɗan wasansu kuwa tsoro ya kama shi, ya ɗan shafi ƙwallon, irin wadda ko kaza za ta tare. Ta gangara a hankali ta wuce ta gefen ƙafar golana, leɓensa na motsi, yana kan uku.

Ihun 'yan Gangare ne ya buɗe masa ido. Na isa wurinsa ina huci.

"Koci, wallahi na kama ta," in ji shi. "A hangen nawa har na cilla wa lamba tara."

Yanzu in na zauna teburin mai shayi, kafin ya zuba mini sai ya ce, "Malam koci, in haɗa maka ne, ko za ka rufe ido ka hango ka sha?"