Gasar da ta fara ba Djokovic kofi, ina take yau?

Tun da ATP, hukumar da ke tsara gasannin tanis na ƙwararrun maza, ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa Saudiyya za ta samu babbar gasar tanis ta rukunin Masters daga 2028, ake ta maganar rage ƙananan gasanni domin a samar mata gurbi. Hujjar dai ita ce wai jadawali ya cunkushe, 'yan wasa sun gaji. Wannan magana ta ɓata mini rai, don na san waɗanda wuƙar za ta fara hawa kansu: ƙananan gasannin filin jar ƙasa, irin wadda Holan ta rasa.

An fara wannan gasa, Dutch Open, a garin Hilversum na Holan a 1957, kuma kusan shekara arba'in tana can duk watan Yuli. A 1995 ta koma Amsterdam, a 2002 ta sake ƙaura zuwa Amersfoort. Guillermo Vilas na Ajantina ya ci kofinta. Balázs Taróczy ɗan Hangari sau shida yana ɗagawa, abin da babu wanda ya kamo. A nan Thomas Muster ya ci kofinsa na farko a 1986, shi da daga baya aka yi wa laƙabi da sarkin jar ƙasa. A 2006 kuwa wani yaro ɗan Sabiya mai shekara 19 ya doke Nicolás Massú a wasan ƙarshe, ya ɗauki kofin ATP na farko a rayuwarsa. Novak Djokovic ke nan.

Shekara biyu bayan haka gasar ta mutu. Bayan wasan 2008 da Albert Montañés ya ci, aka sayar da lasisinta, kuma iyalan Djokovic ne suka saya suka kai Belgrade, babban birnin Sabiya, a 2009. Ban ga laifinsu ba, sun ga kaya a kasuwa ne suka taya. Laifin na tsarin da ya mayar da tarihin shekara hamsin takarda ce kawai, a sa hannu a miƙa kamar rumfar kasuwa. Ita ma ta Belgrade ɗin sau huɗu aka buga ta kafin ta tsaya bayan 2012.

Masu cewa kuɗi ne ke riƙe wasa ba su taɓa gaya mana inda yaron da ke matsayi na tamanin a duniya zai koyi cin kofi ba. A jar ƙasa ƙwallo ba ya gudu, yana tashi sama, bugu ɗaya ba ya kashe maki. Dole ɗan wasa ya koyi haƙuri, ya koyi zamewa, ya san yadda ake gina maki bugu bayan bugu, kuma ƙasar tana sassauta wa gwiwa fiye da filin siminti. Makaranta ce, kuma ƙananan gasanni su ne ajujuwanta.

Batun gajiya kuwa, wa ya miƙe yawancin gasannin Masters daga mako guda zuwa kwana 12? ATP ɗin nan ce. Ita ta cika tulun, yanzu kuma tana neman fasa kwanon talaka don ruwa ya yi yawa. Gasar Córdoba ta Ajantina tuni ta fita daga jadawalin bayan 2024.

A mayar da Masters mako guda. A sa doka cewa gasar da ta haura shekara talatin a ƙasa ɗaya ba za a ɗauke lasisinta ba sai an fara ba mutanen wurin damar saye. Holan har yanzu tana da gasar Rotterdam a rufaffen zaure da ta Rosmalen a kan ciyawa, amma tun 2008 ba ta sake ganin gasar maza ta babban jadawalin ATP a jar ƙasa ba.