Maigida, ba haƙori ne ke sa ɗanka zawo ba

Da ku nake yau, 'yan uwana matasan magidanta, waɗanda Allah ya ba ɗan fari ko na biyu a 'yan shekarun nan.

Yaro ya kai wata bakwai, ya fara rarrafe, sai cikinsa ya ɓare. Kakarsa ta ce ai haƙori ne, kai kuma ka saɓa babur ka tafi kasuwa hankali kwance. Alhali haƙori bai san hawa ba bai san sauka ba. Fitowarsa ce kawai ta zo daidai da lokacin da aka fara ɗura wa yaro kunu da ruwan randa, yake kuma kai duk abin da ya tsinta baki. Shi ya sa gudawa ta fi addabar yara daga wata 6 zuwa 23. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 duk shekara.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka gudanar a ƙasashe bakwai har da Mali da Gambiya, ya gano cewa ƙwayoyin cuta huɗu ne kan gaba wajen gudawa mai tsanani. Biyu bakteriya ne: wani nau'in E. coli, da Shigella mai sa atini, wato kashi da jini da majina. Ita Shigella 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da yaro. Hannun da ya wanke wa wani yaro kashi ba sabulu, ya koma damun fura, ya gama aikin.

To ku dubi gidajen da muke haya. Ɗaki takwas, masai ɗaya, rijiya kusa da shadda, ruwan 'yan garuwa da ba mu san inda aka ɗebo shi ba, moɗa ɗaya kowa na tsomawa. Kaji na kashi a tsakar gida inda jariri ke rarrafe, ga shi kashin kaji na ɗauke da Campylobacter, wata bakteriya mai sa gudawa. Fo ɗin yaro ya wuni a buɗe ƙuda na biki, don mun ɗauka kashin yaro ba ƙazanta ba ne. Wa ya kama gidan nan? Wa ke ba da kuɗin ruwa da sabulu da gawayin tafasa ruwa? Mu ne. Amma yaro na kwantawa sai mu ce uwarsa ce ba ta da tsafta.

Ga kuma kwanika. Ciki ya shiga, an yaye na goye ba shiri, an miƙa renonsa ga yayarsa 'yar shekara bakwai. Gudawa ta jawo tamowa, tamowa ta sake buɗe wa gudawa ƙofa. Nono zalla na wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, kariya ce babba, amma amarya ba ta iya musu da uwar miji. Kai ne za ka zauna da Hajiya ka yi mata bayani cikin ladabi. In ka cire matarka daga makaranta kuwa, bar ta ta koma. 'Ya'yan matan da suka yi karatu sun fi tsira daga irin wannan.

Ku daina rugawa kemis sayen Flagyl, ba ya maganin Shigella. A fara da ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda da ake damawa a ruwa, in babu a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a haɗa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa.

In aka ga jini a kashi, ko maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yaro ya kasa kama nono, sai asibiti ko da tsakar dare ne. Tun yau ka gaya wa matarka ka ba ta izinin fita in ta ga haka, ba sai ta jira ka dawo ba, ka kuma ajiye mata kuɗin mota a inda ta sani.