Ƙannena, Ku Daina Ƙure Malejin Sabuwar Mota

Assalamu alaikum.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan La'asar, muna zaune a ƙofar masallacin unguwarmu sai ƙarar inji ta cika layin. Wani yaro ne, da ƙyar in ya haura shekara ashirin, a cikin farar mota sabuwa fil. Ko lamba ba a sa mata ba, ledar kujeru na nan, takardar da ake liƙawa a gilashi ma ba a ɓare ba. Ya tsaya cak, ya sa ta a firi, ya dinga taka totur har ƙasa, abokansa sun zagaye shi da wayoyi suna ihu, "Ba ta wuta! Ba ta wuta!" Daga nan ya fizge ta, ya je ƙarshen layi ya take birki, ya murza sitiyari ta juya, tayoyin suna hayaƙi. Warin roba ya iso har inda muke zaune. Wani dattijo a gefena, tsohon direban babbar mota, ya girgiza kai ya ce, "Wannan motar yau ta tsufa."

Da na tambaya, aka ce da safiyar ranar aka fito da ita daga shagon dila, mahaifinsa ne ya saya masa. Wallahi tun daga lokacin abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in yi magana da ku, ƙannena, domin ba shi kaɗai ba ne. Mun gani a rakiyar amarya, mun gani ranar Sallah, mun gani a ƙofar makarantu ranar kammala jarrabawa. Da zarar makulli ya shiga hannu, abu na farko da yaro ke so ya sani shi ne iyakar gudunta.

Ku dubi halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta zube, ko tokumbo ta gagari yawancin ma'aikata. Magidanta nawa ne suka jingine motocinsu suka koma hawa adaidaita sahu? Sabuwa a leda kuwa, kuɗinta ya isa mutum ya gina gida ya zauna da iyalinsa. Allah ya zaɓe ka cikin dubbai ya ba ka wannan, godiyar da za ka yi ita ce ƙona taya a gaban masallaci?

Sabon inji yana da haƙƙi a kanka. A cikinsa akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda, kowane fistin da ringinsa. Bangon silindar nan ba sumul yake fitowa daga masana'anta ba, da gangan ake yi masa wasu siraran zane-zane masu gilma juna, domin su riƙe mai, ringi kuma ya goga a hankali har ya zauna daram. In ya zauna da kyau, ƙarfin inji ba ya zurarewa, baƙin mai ba ya haurawa sama ya ƙone. Wannan zaman kuwa a farkon rayuwar mota yake faruwa, ba a maimaita shi sai an sauke inji. To kai da ka tayar da ita da sanyinta, mai bai gama zagayawa ba, ka kai allura jan layi a tsaye don a ɗauke ka bidiyo, me kake zaton kana yi wa ƙarafan nan? Ba lallai ta buga yau ba, ba lallai gobe ba. Amma ranar da ta fara shan baƙin mai, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, sai ka ce kamfani ya cuce ka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na san abin da za ku ce, domin an faɗa mini: "Yaya, wannan ai zancen motocin da ne, na zamani ba sa buƙata." Gaskiya ne injinan yanzu an fi ƙera su da kyau, kuma ba a tsananta musu kamar da. Amma buɗe akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza ka ciro littafin motar, wanda na tabbata ko ledarsa ba ka yage ba. A littattafan motocin Toyota da yawa an rubuta ƙarara: kilomita 300 na farko a guji taka birki kwatsam, kilomita 800 na farko kada a ja tirela, kilomita 1,000 na farko kada a yi matsanancin gudu, kada a fizge ta, kada a daɗe a ƙaramar giya, kada kuma a daɗe ana tafiya a kan gudu ɗaya ba canji. Sauran kamfanoni ma suna da makamancin wannan, kowa da adadinsa. Waɗanda suka ƙera abin ne suka rubuta, amma kai maganar abokinka da bai taɓa sayen ko keke da guminsa ba ita ce hujjarka.

Kilomita dubu ɗin nan nawa take? Zirga-zirgar 'yan makonni ce a cikin gari. Wanda ya kasa haƙurin 'yan makonni da abin da yake so ya mora shekara goma, wane haƙuri zai iya a rayuwa? Mahayin da ya san doki ba ya ɗaura wa duƙushi sirdi yau gobe ya kai shi sukuwa. Yana jan sa, yana sabar masa da linzami, yana ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan, har ƙafa da ƙirji su yi ƙwari. Gaggawa aikin shaiɗan ce, sauri kuma shi ya haifi nawa.

Kuma ba inji kaɗai ne sabo ba. Birki sabo ne, bai gama kama faifansa ba. Tayoyi sababbi ne, fuskarsu da sauran santsi har sai sun ɗan ci kwalta. Sau da yawa ma iskar da ke cikinsu lokacin da aka sauke motar daga jirgi ta wuce ƙa'ida, in dila bai rage ba sai ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ka daidaita. Kai kanka sabo ne a motar: ba ka san nauyinta a kwana ba, ba ka san tazarar da take ci kafin ta tsaya ba. Sabon birki, sabuwar taya, sabon direba, sannan a haɗa da gudun wuce sa'a a layin da yara ke dawowa daga Islamiyya! Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Wa ke tunawa da wannan in an kunna kyamara? Ran da ka take ɗan mutane, waɗannan masu ihun "ba ta wuta" ko ofishin 'yan sanda ba za su raka ka ba. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ledar nan. Za ka ga mutum ya yi wata shida bai cire ledar kujera ba, yana zufa a kanta cikin zafin bazara, don kowa ya san sabuwa ce. Ƙura ta hau boneti, ya sa yaro ya goge nan take. Amma injin da ba a gani, shi ne yake azabtarwa. Sabis na farko da dila ya rubuta masa ya wuce bai je ba, juye kuma sai a bakin titi da man da ba a san asalinsa ba, alhali irin wannan sakacin yana iya jawo masa asarar garanti. Wannan ciwon namu ne gaba ɗaya, ba a mota kaɗai ba: mu gyara inda ido ke gani, mu bar ciki ya ruɓe. Haka muke yi a biki, a ci bashi a yi liƙi, amarya ta tare babu buhun shinkafa a ɗaki. Haka muke yi da waya, albashin wata uku a tafin hannu, kuɗin makarantar ƙani kuwa sai an kai ruwa rana.

Tun a shagon dila ma ɗokin yake farawa. Mutum ya je karɓar dukiya mai yawa haka, maimakon ya zagaya ta a natse, ya gwada lambar shasi da ta takarda, ya ga abin da maleji ya nuna, ya tabbatar da safaya da jak da makulli na biyu, ya karanta lambobi huɗun nan na jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, sai ya ɓige da tsayuwa a gaban mota ana ɗaukar hoto. Addu'a ma ba ta zo masa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa wanda ya sami sabon abin hawa ya roƙi Allah alherinsa, ya nemi tsari daga sharrinsa. Addu'ar hawa kuma tana nan cikin Suratuz Zukhruf, yaran Islamiyya ma sun haddace ta. Allah ya hana tafiya a bayan ƙasa da taƙama, ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. In ƙona taya da gangan ba almubazzaranci ba ne, to mene ne?

Iyaye, ku ma da laifinku, ku yi haƙuri in faɗa. Yaron da bai san zafin nema ba, ba zai san zafin asara ba. Ka miƙa masa makulli ba ka zaunar da shi ba, ba ka shiga gefensa kun zagaya gari ba, ba ka haɗa shi da wani tsohon direba ya nuna masa ba. Ƙauna ce ta sa ka saya, na sani, amma yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ku dai a ji tsoron Allah, a bi komai a sannu.

Ina ma kun ga iyayenmu. Lokacin da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya fito da 504, ya san wata-wata za a yanka a albashinsa. Yadda yake lallaɓa ta ya isa darasi. Wasu har takarda suke liƙawa a gilashin baya, suna sanar da na bayansu cewa sabon inji ne, a yi haƙuri a wuce. Ba ya jin kunyar a wuce shi. Kowace safiya sai ya buɗe boneti ya zaro sandar mai ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyi. Ranar da ya kawo ta gida maƙwabta ke taruwa a yi addu'a, a raba goro, a ce Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya tsare sharrin ƙarfe. Har yau za ka ga irin waɗannan motocin ranar kasuwar ƙauye, sun sha buhuna, suna tafiya, ga kuma motocin da ba su kai rabin shekarunsu ba jibge a garejin bakanike an sauke musu inji.

Direbobin wancan zamani ba a sama suka tsinci sitiyari ba. Yaron mota sai ya daɗe yana wanki, yana sa weji, yana sauraren kukan inji har ya iya bambance lafiyarsa da ciwonsa, kafin maigidansa ya yarda ya matsa masa ko a fili. Tsofaffin direbobin nan suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, babu mai zama kusa da su ya tambaya. Yanzu wani yaron har gida ake kawo masa lasisi, bai taɓa zama gaban mai gwaji ba, bai san inda ake zuba ruwan birki ba, sannan a ɗora masa makullin sabuwar mota a hannu a sake shi cikin unguwa.