Ranar Da Na Yi Wa Surukina Hawaye

A gidanmu kaya ba sa mutuwa, sai dai su canja ma'aikata. Uwargida ce ta kafa dokar, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin roba ya bi kuɗin mota ya yi sama, dokar ta samu gindin zama. Bokiti in ya tsage, a kai wa mai liƙi ya gasa tsohuwar wuƙa a garwashi, ya narka guntuwar roba ya toshe. In ya sake tsagewa, ya koma na tara toka. Gidan sauron da aka raba mana, da ya huhhuje sai ya zama shingen zogale saboda awaki, ragowar aka yayyanka soson wanka. Guntattakin sabulu a tura su cikin tsohuwar safa. Buroshin da ya gama da haƙorana yanzu sarƙar kekena yake wankewa. Silifas ɗin da ya tsinke kuwa, kafin ka waiga Ɗan'auta ya yanke tayoyin motar kara.

Abu ɗaya ke iya fita daga gidan, shi ne tukunyar dalma da ta huje, ita ma sai an sha ciniki. Ɗan gwangwan zai zo da sikeli da mayen ƙarfensa. Abin da maye ya kama baƙin ƙarfe ne, arha. Wanda ya ƙi kamuwa, irin su dalma da jan ƙarfe, shi ne mai daraja. Uwargida ta haddace wannan karatun har ta fi shi, ban taɓa ganin ya fita gidanmu yana murmushi ba.

Ni ban ƙi tattali ba, mai cin albashin firamare bai isa ya ƙi ba. Ƙorafina guda ne: a gidan nan ana yi wa kaya canjin aiki ba tare da sanarwa ba.

Muna da butoci biyu iri ɗaya, kore da ratsin fari, rana ɗaya na sayo su a kasuwar Gujungu wata Lahadi. Ɗaya ta tsage a hanci aka liƙe. Da damina ta yi nisa, darɓa ta sauka a kan waken da Uwargida ta shuka a bayan ɗaki. Maganin feshi na kanti ya yi tsada, sai ta haɗa na gargajiya: ta daka ganyen darbejiya da barkono tsiduhu, ta jiƙa ya kwana, ta tace, ta ɗan jefa sabulu don ya kama ganye. Haɗin yana aiki, wannan ni shaida ne fiye da darɓar. Da ta nemi mazubi mai tsiyaya a hankali, sai idonta ya faɗa kan butar mai liƙi. Ta cika ta, ta ajiye a inuwa. Inuwar da ta samu kuwa ita ce gindin zanan banɗaki, inda buta take zama tun da aka gina gidan.

Bayan la'asar na dawo daga gona, ɗanwaken rana yana ta yi mini shela a ciki. Na suri buta na shige. Ina ciki na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na ji sallama, na ji yara suna ihun "Ga Baba, ga Baba!" Surukina ne daga wajen Ringim. Na yi sauri na gama. Ruwan da sanyinsa, har na ce a raina yau an samu na randa. Shi barkono ba ya gaggawa. Sai da na ɗaure tazuge, na sa ƙafa waje, sannan ya yi sallama.

Da a daji ne da na kurma ihu har a jiyo ni a Taura. To amma ga Baba an shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, ya kuma riga ya gan ni. Ba yadda za ka wuce suruki ka ce kana zuwa. Na cire takalmi, na tsuguna. Duk wanda ya ƙirƙiro gaisuwar tsugunno bai yi tunanin irin wannan rana ba.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya damina? Ya ɗalibai? Ya iyali?"

Baba dattijo ne da ba ya yanke gaisuwa. Ya tambayi gero, ya tambayi gyaɗa, ya tambayi tunkiyar da ta mutu bara. Ina amsawa ina sauya ƙafa kamar kaza a kan rairayin azahar. Daga nan ya gyara zama ya ɗauko labarin ambaliyar 2022, yadda kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa ya shafe masa shinkafa a fadama ana gab da yanka. Yana kaiwa inda ruwa ya ci rumbu, idanuna suka ƙi rufa mini asiri. Hawaye shar, har gemu.

Baba ya tsaya ya dube ni. Muryarsa ta yi rauni.

"Allah sarki, Malam. Ai ya wuce. Kada ka sa a ranka, Allah ya mayar da alheri."

Na ce, "Baba, abin ne da zafi."

Ya ce, "Da zafi ƙwarai." Sai ya ɗaga hannu ya kama addu'a, doguwa, tun daga kan iyaye har shugabanni. Ban taɓa faɗin amin da ƙarfi irin na ranar ba.

Yana shafawa na zame bayan ɗaki neman ruwa. Bokitin farko toka. Baho, 'yan agwagi ne a ciki suna wanka. Tsohuwar randa kuwa kaza ce ke kwanci, har ta kai mini sara. Ina cikin wannan zagaye Uwargida ta leƙo.

"Malam, ba ka ga butar nan mai liƙi a hanci ba? Zan yi wa wake feshi."

Ta dubi fuskata, ta dubi yadda na tsaya ƙafa a warwatse, sai ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ai ta gona ce, har Ɗan'auta ya sani." Na ce mata wanda ɗanwake ya koro ba ya tsayawa duba hancin buta. Ta ce in bar neman ruwa, zafin barkono ba ya jin ruwa, maiƙo yake ji, shi ya sa mata ke shafa mai in ya kama musu hannu. Ta miƙo man gyaɗa a tsohon gwangwanin madara. Ban taɓa shi ba sai da na sa ta ɗanɗana a gabana.

Washegari na sa wuƙa na raba butar biyu don kowa ya huta. Kafin azahar saman ya zama mazurarin ɗura mai a kwalba, ƙasan kuma 'yan tsaki ke shan ruwa a ciki.

Baba kuwa ya koma gida ya baza labari cewa duk cikin surukansa ni kaɗai na san ciwonsa. Da kaka ya aiko mini da rabin buhun shinkafa, na karɓa, don na biya kuɗinta. Matsalar ita ce yanzu duk zuwan da zai yi sai ya gyara zama ya sake ɗauko labarin ambaliyar, in ya kai wajen rumbu ya dakata, ya zuba mini ido yana jira.